Ƙwan Janar

Ranar sha ɗaya ga watan Yuni, wata biyar bayan binne matarsa Bonaria, kunkurun Efisio Murru ya yi ƙwai.

Guda huɗu, farare tas, a wani ɗan rami ƙarƙashin itacen lemun tsami. Efisio ya tsaya a kansu har kofin da ke hannunsa ya huce.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Bonaria ta tsinto kunkurun a gefen hanyar Dorgali, ta kawo shi gida cikin kwandon albasa. Efisio malamin tarihi ne, amma ba abin da bai karanta ba. Ya san ana haihuwar bushiya da ƙaya mai laushi, ya san aladun daji hanci gare su ba ido ba, ya san ragunan dajin Sardiniya sun girmi kowane coci a tsibirin. Ya birkice kunkurun, ya buɗe littafi, ya ga an ce cikin namiji yana da lotsawa. Wannan ma da lotsawa. Ya raɗa masa suna Janar.

"Mace ce," in ji Bonaria.

"Wane littafi ya faɗa?"

"Dubi yadda take kallonka. Ta gaji da kai tun ba ka gama magana ba."

Ita sai ta kira ta Gwaggo. Daga nan duk shekara, da sanyi ya wuce dabbar ta fito daga barcinta, sai gardama ta farka tare da ita. Ba su samu haihuwa ba. Wannan suka raina a matsayin ɗa.

Da hantsi Tonina, ƙanwar Bonaria, ta shigo da burodi da cuku kamar kullum. Ta leƙa ramin.

"A'a, Janar ya sauka lafiya? Barka, Malam!"

"Abin bai taɓa faruwa ba," in ji Efisio. "Zan duba ko akwai bayani."

"Duba me, Yaya? Kowace shekara tana yi. Matarka ke riga ka tashi, ta kwashe, ta kawo gidana mu binne a bayan kaji. Ba sa ƙyanƙyashewa ma, tunda ba miji."

"To lotsawar fa?"

"Amalanke ya taka ta tun tana ƙarama. Kowa a layin nan ya sani. Har fadan coci ya sani."

Efisio ya ajiye kofin a kan katanga, a hankali.

"Me ya hana ta nuna mini ko ƙwai ɗaya? Da ta ci gardamar tun tuni."

"Na tambaye ta. Ta ce in ta ci, da me za ku yi hira? Kai da ba ka iya cewa miya ta yi daɗi ba sai ka kawo tarihin tumatir."

Tonina ta yanka cukun, ta share wuƙa, ta tafi.

Kunkurun ta gama tura ƙasa a kan ƙwan da ƙafafun baya, ta nufi latas ɗin da Bonaria ta bari, wanda shi ke ba ruwa yanzu. Ba ta ko dube shi ba.

Efisio ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin. A gefen shafin, da rubutunsa na ƙuruciya, an sa: namiji, babu shakka. Ya soke da fensir. Ya so ya rubuta gyara, sai ya tuna ba mai dubawa.

Mutumin da ya gyara wa ɗalibai kuskure shekara arba'in, kalma uku kawai ake bukata daga bakinsa, kuma da wadda za a faɗa wa aka tafi maƙabarta a watan Janairu.

Kin yi gaskiya.