Garin da Ruwa Ya Cinye

Auta ta ja kujera kusa da gadon asibitin, ta buɗe kwamfutarta, ta juya ta wajen mahaifinta.

"Baba, ga garinku."

Tsohon ya ɗago kai daga matashi da ƙyar. Ya daɗe yana kallon korayen tuddai da rafin da ke ƙyalli a tsakaninsu.

Shekara arba'in ke nan da aka gina madatsar ruwa, aka kwashe mutanen ƙauyensu a manyan motoci, ruwa ya rufe wurin. Ko hoto ɗaya bai tsira da shi ba. Tun da ciwo ya kwantar da shi, ba shi da zance sai na garin. Auta kuwa sana'arta ke nan. A ofishin masu zanen gine-gine take aiki, tana ƙera tudu da kwari a kwamfuta, irin zanen da mutum zai kewaya cikinsa kamar yana tafe da ƙafarsa.

Manhaja biyu gare su a ofis. Da safiyar nan ta tsaya tana wasi-wasi a kansu, sai abokin aikinta Dogo ya leƙo ta bayanta.

"Ɗauki sabuwar," ya ce. "Ki ba ta tsohuwar taswira kawai, kafin ki sha ruwa ta tsirar miki da ciyawa har da gajimare. Waccan ta dā, da hannu za ki ɗaga kowane dutse. Sai ki yi sati a kan tudu ɗaya." Ya sassauta murya. "Me likita ya ce?"

"Ya ce mu riƙa zama kusa da shi."

Dogo ya koma kujerarsa. Ta ɗauki sabuwar, cikin awa biyu gari ya tsaya.

Yanzu Baba ya kai yatsa kusa da gilashin kwamfutar.

"Garin su wa ye wannan?"

"Naku ne, Baba. Da taswirar hukuma na yi shi."

"Hukuma ba ta taɓa kwana a garinmu ba." Ya yi tari, ta miƙa masa ruwa, ya kawar da kai. "Da muna da ciyawa haka, ai da awakinmu ba su rame ba. Kuma rafin nan a bayan maƙera yake karya kwana. Ina maƙerar?"

Ta kama rafin ta ja shi hagu. Tana saki, manhajar ta gyara gaɓarsa da kanta, ta jera masa itatuwa masu kyau. Ta goge su, wasu suka fito.

"Bar shi, Auta," in ji Baba, ya mai da kansa kan matashi. "Kin yi ƙoƙari. Allah ya yi miki albarka."

Wannan albarkar ta fi faɗa yi mata ciwo. Ta fita baranda da kwamfutar a ƙirji. Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce tana tura keken magunguna, ƙafarsa ɗaya na ƙara. Auta ta jingina da bango. Da sabuwar, yau ɗin nan tana da cikakken gari, amma ba nasa ba. Da ta dā kuwa, ta san da wuya su kai ƙarshe.

Ta koma ciki, ta rufe korayen tuddan ba tare da ta adana su ba. Ta buɗe tsohuwar manhajar. Fili ya bayyana, toka-toka, shimfiɗe, babu ko tsinke.

"Baba, buɗe ido. Nan babu komai. Kai za ka faɗa, ni in ɗora."

Ya duba filin. A hankali ya gyara kwanciya, ya ce ta ƙara masa matashi.

"Yi tudu a nan. A'a, rage shi, bai kai haka ba. Yaro ma yana hawansa da tulu a ka."

Ta rage. Ya sa ta ja siririyar hanya daga gindin tudun, ta lanƙwasa ta sau biyu. Kafin su gama, numfashinsa ya fara nauyi.

"Gobe sai mu yi gidanku," ta ce.

"Gida ya jira." Ya ɗora yatsa a gefen hanyar, inda babu komai, ya bar shi a wurin. "Fara da nan. Nan muka binne Innata. Ita kaɗai ce ba mu iya sakawa a mota ba."

Auta ta matso da kujerarta. Ta ɗaga ƙasar wurin kaɗan, daidai tsawon mutum.