Yadda Uwaisu Ya Zama Gwanin Cas

Uwaisu akawun sito ne a wata masaƙa da ke Challawa. A shekarar 1983 yana da shekara arba'in da ɗaya, kuma babu wani wasa da ya taɓa ɗaukar hankalinsa, ko ƙwallo ko karta. Mutum ne mai son tsari. Biro uku yake sawa a aljihun gaba, shuɗi da baƙi da ja, kowanne da aikinsa.

A masaƙar akwai wani injiniya Ba'indiye, Mista Pillai, wanda ya shekara tara a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa. Kullum in jiniyar hutun rana ta kaɗa sai ya fito da wani allo mai gidaje fari da baƙi, ya ajiye a teburin ƙarshe na ɗakin cin abinci, ya jira wanda tsautsayi zai kawo. Wasan sunansa cas, amma leburori darar Bature suke ce masa, duk da mai allon ba Bature ba ne. Pillai yana kiran 'ya'yan da sunayen ƙasarsu: sarki, waziri, giwa, raƙumi, doki, sai ƙananan sojoji takwas a gaba. Wanda ya ƙure sarkin ɗan'uwansa har ya rasa gidan gudu, shi ya yi nasara.

Wata ranar Talata Uwaisu ya kawo masa takarda ya sa hannu. Pillai ya ce ya zauna tukuna. Ya nuna masa yadda kowane ɗa yake tafiya, suka fara, a taku na huɗu ya ƙure shi. Wani direba da ke cin shinkafa a gefe ya yi dariya har ya ƙware.

Pillai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam Akawu, aikin sito daban, wannan daban."

Uwaisu ya yi murmushi ya karɓi takardarsa. Ran Asabar ya hau Vespa ɗinsa ya tafi wani kantin littattafai a Sabon Gari, ya dawo da allo da wani littafin Turanci mai kauri, wanda aka tara wasanni sittin na gwanayen duniya a ciki, taku bayan taku.

Kafin ya buɗe littafin sai da ya zana jadawali a bayan kwali, ya kafe a ɗakinsa a Dorayi. Bayan sallar asuba, rabin awa na haddar buɗe wasa. A hutun rana, tsayawa a bayan Pillai da rubuta duk takun da ya yi. Da yamma, wasa ɗaya daga littafi duk kwana biyu. Lahadi bita. Can ƙasa ya rubuta doka da jan biro: ba zai buga da kowa ba sai ya sauke littafin sau uku. Dalilinsa shi ne, wanda ya fara wasa kafin ya yi ilimi, kurakuransa kawai yake haddacewa.

Matarsa Zaituna ta tsaya ta duba kwalin ta ce, "Malam, makarantar yamma ka shiga?"

"Kusan haka ne."

Matsalar ita ce bitar wasa tana son mutum biyu, ɗaya ya riƙe farare ɗaya baƙaƙe. Ya gwada da Zaituna kwana biyu. A na uku ta ce ita ba ta ga amfanin wasan da za a gaya mata inda za ta sa hannu, kuma a gaya mata tun farko ita za a ci ba. Ta koma kan tankaɗen garinta.

A lokacin nan masaƙa ta fara ƙarancin auduga da sinadarin rini. Injuna kan tsaya tun ƙarfe biyu, ma'aikata su zauna a inuwa suna jiran jiniyar tashi. A cikinsu akwai Isyaku, leburan sashen rini, mutumin Damagaram, dogo mai shiru-shiru, wanda shuɗin rini bai taɓa barin farcensa ba. Uwaisu ya ji an ce ɗan dara ne a ƙauyensu, ya kira shi sito.

"Aikinka mai sauƙi ne. Zan karanta, ka sa ɗa inda na ce. Kada ka yi tunani."

"To, Malam."

Suka girka allo a kan akwatin kayan gyara, bayan dilolin zare. Uwaisu yana karanta takun, kuma kowane wasa shi ke ɗaukar ɓangaren wanda ya yi nasara, saboda a ganinsa dabarun masu nasara ya zo koya. Isyaku ke riƙe ɓangaren wanda aka ƙure. Bai iya boko ba, saboda haka littafin bai dame shi ba, allon yake kallo.

A mako na uku ya ɗaga dokinsa zai sa inda aka ce, sai ya tsaya.

"Malam, shi wannan mutumin me ya hana shi janye dokin nan baya?"

"Littafi bai faɗa ba."

"To da ya janye fa?"

"Isyaku, wanda ya yi wasan nan gwanin duniya ne."

"Haka ne. Amma ai ƙure shi aka yi."

Uwaisu ya ce masa ya sa dokin inda aka ce. Ya sa. Bayan taku bakwai aka ƙure shi yadda aka rubuta. Tun daga ranar, in an gama wasa, Isyaku kan roƙi a bar masa allon minti biyar. Sai ya mayar da 'ya'yan inda suke tun kafin abu ya lalace, ya zuba musu ido yana taɓa haɓa. Wata rana Uwaisu ya hango shi a bayan sashen rini, ya zana gidaje sittin da huɗu a ƙasa, yana tura marafan kwalba da tsakuwoyi shi kaɗai. Tausayinsa ya kama Uwaisu. Ga mutum da sha'awa, amma babu tsari.

Wata goma sha uku aka yi a haka. Uwaisu bai taɓa fashin jadawali ba, har ranar Sallah sai da ya yi rabin awarsa kafin a tafi idi. Ya cika littafin rubutu biyu da takun Pillai, ya san da wane soja yake buɗewa, ya san yana tsoron rabuwa da wazirinsa, ya san in ya rikice yakan cire tabarau ya goge. Ran da ya sauke littafi karo na uku ya ja layi a ƙarƙashin kwanan wata, washegari ya je ya zauna a gaban Pillai.

Labari ya zaga, ɗakin cin abinci ya cika. Pillai ya buɗe da sojan da Uwaisu ya san zai buɗe da shi. Taku takwas na farko suka tafi kamar ana karanta su daga takarda. A na tara Pillai ya tura giwarsa wani gida inda raƙumin Uwaisu zai iya cinye ta a banza.

Uwaisu ya daskare. Wannan takun ba ya cikin wasanni sittin, ba ya kuma cikin littattafan rubutunsa biyu. Ya tabbata tarko ne. Ya yi minti goma sha biyu yana neman bakin tarkon, gumi yana bin wuyan rigarsa, har masu kallo suka fara komawa kan abincinsu. Da ya rasa abin yi sai ya yi bismilla ya ci giwar.

Pillai ya cire tabarau ya ce, "Kai, ban gan shi ba."

Daga nan wasa bai daɗe ba. Uwaisu ya ƙure shi ana saura minti uku jiniya ta kaɗa. Aka yi tafi. Pillai ya miƙa masa hannu yana dariya.

"Madalla, Malam Akawu. Yanzu kun zama ku biyu."

"Mu biyu?"

"Kai da Isyaku. Shi tun farkon damina yake ci na, duk Asabar, a ɗakin gyaran injuna. Ku 'yan ofis ba kwa zuwa Asabar." Ya ci gaba da kwashe 'ya'yan yana zubawa a jaka. "Ni ai ba komai ba ne. A gida matata sai ta cire wazirinta take wasa da ni, kuma ta ci."

Ƙarfe biyu Isyaku ya shigo sito kamar kullum, ya yi sallama, ya fara jera 'ya'ya.

Uwaisu ya ce, "Ashe kana wasa da Pillai."

"Ina yi, Malam."

"Ba ka gaya mini ba."

"Ba ku tambaye ni ba. Kuma na ji kun ce wasa kafin ilimi ɓata mutum yake yi, sai na ji kunya."

Uwaisu ya ture littafin gefe. "Yau ni da kai za mu buga. Babu littafi."

Isyaku ya dubi allon, ya dube shi. "Wane ɓangare zan riƙe, mai ci ko wanda ake ci?"

"Ka buga iyakar iyawarka."

Wasan farko bai kai taku talatin ba. Duk harin da Uwaisu ya ɗauko daga haddarsa sai ya tarar an riga an rufe ƙofar tun taku biyu baya, kuma da ya tsaya yana tunanin abin da ya rage, sai ya ga dokin Isyaku a tsakiyar gidansa. Isyaku ya ƙure shi ya ce, "Ku yi haƙuri, Malam." Suka sake, ya sake ba shi haƙuri. A na uku Uwaisu ya kwantar da sarkinsa da kansa, alamar ya sallama.

"Wa ya koya maka?"

"Ku ne."

"Ni ban koya maka wannan ba."

Isyaku ya ce, "Sau ɗari da tamanin aka ƙure ni a kan akwatin nan. Duk hanyar da ake bi a kama mutum na zauna na ga tahowarta. In na koma sai in nemi inda ya kamata in kauce. Ku kuwa ba a taɓa ƙure ku ba, tun na farkon nan."

A ranar Uwaisu bai ci tuwon kirki ba. Zaituna ta tambaye shi ko Ba'indiyen ne ya sake cin sa, ya ce a'a, shi ya ci. Ta ce to Allah ya kyauta, in haka nasara take.

Washegari ya dawo sito da sabon littafin rubutu. Suka shiga buga wasa biyu kullum, ana cin sa, in an gama su mayar da 'ya'ya baya su nemi takun da ya kashe shi, ya rubuta shi da jan biro. Isyaku ba ya iya bayani mai tsawo, sai dai ya nuna gida da shuɗin yatsansa ya ce, "Nan kuka yi sauri." A wata huɗu Uwaisu ya koyi abin da bai koya a wata goma sha uku ba, kuma ya san haka, abin yana masa daɗi yana kuma ba shi haushi. A watan Maris suka yi kunnen doki karo na farko. A Afrilu ya ci wasa ɗaya, amma ya kwana biyu yana zargin an bar masa ne.

A watan Mayu na 1985 masaƙa ta rufe sashen rini ta rage ma'aikata. Sunan Isyaku na cikin jerin da aka manna a bakin ƙofa. Uwaisu ne da kansa ya karɓi rigar aikinsa da takalman roba a tagar sito, ya rubuta an dawo da su lafiya. Ya miƙa masa littafin gwanayen, Isyaku ya ce ba zai iya karantawa ba, sai ya ba shi allon. Ya raka shi har inda ake hawa mota.

"In kun sami wanda ya fi ku, ku riƙe shi, Malam," in ji Isyaku. Ya shiga mota ya tafi Damagaram. Wata biyu bayan haka wa'adin Pillai ya ƙare, shi ma ya koma ƙasarsu.

A ƙarshen shekara manajan ma'aikata ya shirya wasanni don a ɗan faranta ran waɗanda suka rage, aka sa har da cas. Mutum uku suka shiga, har da Uwaisu. Biyu daga ciki Uwaisu ne ya nuna musu yadda doki ke tafiya mako uku kafin ranar. Ya ƙure su duka kafin a gama raba lemo.

Da aka zo ba da kyauta manaja ya yi jawabi. Ya ce Malam Uwaisu misali ne ga kowane ma'aikaci, mutumin da ya bi tsari bai kauce ba har ya kayar da injiniya daga Indiya, kuma a tarihin masaƙar nan babu ɗan ƙasa ko baƙo da ya taɓa tsayawa a gabansa. Uwaisu ya buɗe baki zai gyara maganar, tafi ya rufe shi, aka danƙa masa fulas ɗin shayi mai furanni, mai hoto ya ce ya ɗaga shi sama kaɗan.

Ya ɗaura fulas ɗin a bayan Vespa ya kai gida. Zaituna ta wanke shi, ta zuba kunu, ta girgiza, ta ce murfin yana yoyo.