Shirun da Na Yanke wa Bramu

Ranar Talata da safe Corinne Lau ta shigo ɗakin ɗaukar murya, laimarta tana ɗigar ruwa. Ta rufe ƙofa ta ce mini za a canza mai muryar dodon.

"Lorne?" na ce.

"Dodo nawa gare mu, Wendell?"

Ɗaya ne. Sunansa Bramu, tsohon dodo mai fuka-fukai wanda wutarsa ta ƙare sai hayaƙi, aikinsa ɗaukar wata mai raba wasiƙu, Odila, daga tsibiri zuwa tsibiri. Shirin zane ne mai motsi da ake nunawa a talabijin kowace Asabar. Lorne Petrenko ke yin muryar Bramu, Noreen Achterberg ke yin ta Odila, Corinne ce daraktarsu. Ni nawa zama bayan gilashi da abin sauraro a kunne, in ɗauki muryoyin, in gyara, in tura wa masu zane. Murya ake fara yi a aikinmu. Abin da masu zane suka ji, shi suke zanawa.

Corinne ta miƙo mini wayarta in karanta abin da masu kallo ke rubutawa. Zango na farko sun so shi ƙwarai. Na biyun ne ya jawo surutu. Wani ya ce labarin bai lalace ba, amma Bramu da Odila sun koma kamar mutum biyu da suka haɗu a tashar bas. Wata ta ce da can in Odila tana magana dodon yana jin ta, yanzu jira kawai yake ta gama.

"Manya sun ce tsufa ne," in ji Corinne. "Shekararsa saba'in da uku. Jumma'a za su kira shi. Akwai mutum uku da za a gwada, ka samo musu wani yanki daga zango na farko su kwaikwaya."

"Ya sani?"

"Bai sani ba. Kai ma ba ka sani ba."

Ban yi zango na farko da su ba. Lokacin ina kwaleji. Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa bas a Vancouver kafin in koma aji, ina da arba'in da bakwai, cikin yaran da na haifi sa'o'insu. Malaminmu na gyaran sauti yana da magana ɗaya da yake nanatawa: a share. A cire numfashi, a cire motsin leɓe, a cire duk shirun da ba a rubuta ba. Na riƙe wannan da kyau, ni na zo na ɗaya a ajin. Da aka ɗauke ni aiki a farkon zango na biyu, Lorne ya riga ya koma Nanaimo da zama, sai ya hau jirgin ruwa kafin ya iso mu. Saboda haka aka raba su. Noreen ta zo Litinin, shi Alhamis, ni in haɗa maganarsu kamar tare suka yi.

Laraba da rana na buɗe tsofaffin muryoyin zango na farko, waɗanda ba a taɓa ba. A ɗaki ɗaya aka ɗauke su, kowa da makirufonsa, muryar wannan tana shiga ta wancan. Da malaminmu ya ji, da ya ba mai aikin sifili. Na zaɓi wurin da Odila ta yar da wasiƙa a teku.

Noreen ta ce, "Bramu, ta faɗa ruwa."

Sai shiru. Ya kai kusan sakan ɗaya. A cikinsa akwai ƙarar riga, da numfashi mai nauyi. Sannan Lorne ya ce, "To. Wataƙila kifi sun iya karatu."

Na wuce gaba. Shirun yana nan kafin kusan kowace amsa tasa. Na kunna hoton da aka nuna a talabijin, na je daidai wurin. A cikin wannan sakan Bramu ya karkato ƙaton kansa, ya kawo kunnen dama kusa da Odila, ya tsura wa bakinta ido, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ba a rubuta ko ɗaya ba. Masu zane ne suka sami wuri babu magana, suka cika shi.

Akwai ƙaramar kyamara a ɗakin don masu zane su riƙa ganin fuskokin 'yan wasa. Na duba nata ma. Noreen tana tsaye a hagun Lorne. Duk sanda ta yi magana sai ya juyo gaba ɗaya ya dubi bakinta. Kunnensa na hagu ba ya ji, wannan kowa ya sani. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne, kowace Alhamis, in Corinne ta karanta masa maganar Odila ta cikin abin sauraro, haka yake juyawa hagu, inda babu kowa, ya ɗan tsaya, sannan ya amsa. Na ɗauka ciwon wuya ne. Tsayawar kuma ni nake yanke ta. Kashi ashirin da shida na share tas.

Sannan na rufe komai na tafi gida a bas.

Alhamis na riga kowa zuwa. Da Corinne ta iso na kunna mata biyun, tsohon da sabon, na faɗa mata abin da na yi. Ta cire tabarau ta murza idonta.

"Zango guda kenan."

"Duka."

"Ni ma na saurare su na sa hannu, Wendell. Har yaba maka na yi." Ta mayar da tabarau. "Amma ba zan hau sama in ce wa manya shiru ne ya ɓata ba. Za su ce wancan Lorne na da ne. Sai sun ji na yau."

"Noreen ba ta da nisa."

Ta dube ni, ta ɗauki waya.

Lorne ya iso ƙarfe goma da rabi, da jakarsa ta leda da hular ulu, yana mitar jirgin ruwa ya makara. Yana cire takalmin ruwa Noreen ta turo ƙofa da kwalin donat. Shekara ɗaya da rabi rabonsu da ganin juna.

"Tsoho, ashe kana nan da rai?"

"Ina jiran ki gama magana ne in samu in mutu. Me ya kawo ki? Yau ba Litinin ba ce."

"An ce ka manta yadda ake aiki."

"Ni? Ke da kike karanta takarda kamar mai sanarwar filin jirgi?"

"Ci donat ka yi shiru. Ga mai kirfa nan, na san haƙoranka."

Ya ɗauka, ya dubi Corinne, ya dube ni. Ba yaro ba ne. Ya ajiye donat ɗin a kan murfin kwali.

"Za a cire ni ne?"

Corinne ta ce ba a yanke ba tukuna. Na ce gara in faɗa masa da bakina, na faɗa masa yadda nake yanke shirunsa. Ya juyo da kunnen dama yana saurare, idonsa a kan bakina, yadda Bramu yake yi. Da na gama ya yi shiru nasa.

"Ka san a kashi na huɗu na daina kallo?" ya ce. "Jikata takan zo mu kalla tare. Na ji dodon yana amsawa kamar na'urar banki. Na ce to, Lorne, ya ƙare. Na ɗauka ni ne." Ya taɓa aljihun rigarsa. "Na ma rubuto takardar ajiye aiki. Wata biyu tana nan, na kasa bayarwa."

"Kawo in gani," in ji Noreen.

"Ba taki ba ce."

"Kawo in gyara maka rubutu, na san da kuskure."

Bai ba ta ba. Ya ce mini, "Direba, kai ba ka tsayawa a tasha in fasinja yana tahowa?"

"Ina tsayawa."

"To."

Na kafa makirufo biyu. Noreen ta tsaya a hagunsa ba tare da an ce mata ba. Corinne ta ba su shafi uku daga kashin da za mu yi a ranar: Odila ta gane cewa wasiƙun da take kai wa wata tsohuwa duk wata Bramu ne yake sa a rubuta, domin ɗan tsohuwar ya daina aikowa tuntuni. Ranar Litinin Noreen ta riga ta yi nata ita kaɗai, da faɗa, yadda takarda ta ce.

Yau ma da faɗan ta fara. "Tun yaushe kake mata ƙarya?"

Lorne ya juyo ya dubi bakinta. A gabana layin sautin ya kwanta, ba motsi. Hannuna ya riga ya kai kan abin yankewa kafin in sani. Na janye shi na sa a aljihu.

"Tun da ta fara fitowa bakin ruwa ba takalmi," ya ce.

Noreen tana da amsa a rubuce, doguwa. Ba ta faɗe ta ba. Ta ja numfashi, ta ce a hankali, "Wa yake riƙe maka alƙalami?" Shi kuma ya fara magana kafin ta rufe baki, muryoyin suka hau juna, ta yi wata 'yar dariya da ba ta cikin takarda. Babu yadda za a yi in raba su ko da na so.

Corinne ta danna maɓalli. "Ba haka aka rubuta ba."

"A gyara rubutun," in ji Noreen. "Tsoho, ka tofa mini yawu."

"Ki matsa mana."

"In na matsa ba za ka ji ni ba."

Muka yi sau uku, sannan Lorne ya yi nasa sau ɗaya shi kaɗai. Corinne ta ce in haɗa mata iri biyu: ɗaya da muryar Noreen ta Litinin, a share yadda na saba, ɗaya kuma na yau yadda yake. Jumma'a da safe ta hau da su sama, ba ta faɗa wa kowa wanne ne wanne ba. Na zauna ina naɗe wayoyi. Bayan minti arba'in ta sauko.

"Sun tambaye ni wane ne sabon mutumin," ta ce. "Wai a ɗauke shi."

"Me kika ce?"

"Na ce zai yi wuya, a Nanaimo yake, sai ranar Alhamis."

Ba a gwada mutum ukun ba. Aka mayar da Noreen Alhamis, ta yi mita don ranar ce take zuwa iyo. Marubuta ma sun yi tasu mitar, domin kowane kashi minti ashirin da biyu ne ba ƙari, shirun Lorne kuma yana cin kusan sakan arba'in, dole suka rage magana. Zango na biyu yana nan yadda na share shi, haka ake maimaita shi a talabijin.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na manna farin tef a ƙasa wurare biyu, na rubuta sunayensu, na Noreen a hagu. Lorne ya shigo ya duba, ya zaro takardar nan daga aljihu, ya ninke ta huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar teburin da ke girgiɗi. Ya sa abin sauraro.

"Direba, kana ji na?"

"Ina ji."

"Ka bar mini kayana yadda ka same su."

Na ce to, na kunna jar fitilar ɗaukar murya.