Tsintsiya a Bayan Ƙofa

Kamfanin masu wasannin kwamfuta ya ce duk mai son aiki ya gina ɗaki ɗaya a na'ura, ɗakin da kowa ya gani sai jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa aikin nan ina son sa kamar in yi hauka. Na zauna na ƙera gado, na ƙera kujera mai karyayyar ƙafa, na ja labule na bar 'yar kafar da haske zai shigo. Na yayyafa ƙura, na saƙa yanar gizo-gizo zare-zare. Ɗaki ya yi kyau, amma ko ni da na gina shi bai taɓa min zuciya ba. Ga shi ranar ce ranar turawa.

Ina cikin juya shi a allo sai Mama ta leƙo ta kafaɗata.

"Ɗakin wace ƙazamar ce wannan?"

"Nawa ne, Mama. Ni na gina."

"Da sunanki za ki tura? A ce 'yata ce ta bar gado haka? Buɗe labulen nan. Share!"

Dariya ta kama ni har na kusa faɗowa daga kujera. Na ce ƙurar nan sai da na sha wuya kafin ta zauna. Ta ce ita tata ba ta taɓa ba ta wahala ba, da kanta take zuwa. Ta kai gefen mayafinta ta goge allon, wai ko za ta ragu.

Muka yi ta ja-in-ja. Na hana labule, na hana gyaran gado. Daga ƙarshe ta ja kujera ta zauna tana huci.

"To ki sa tsintsiya. Ko ba komai a san an yi niyya."

Don in samu lafiya na ƙera tsintsiya na jingine ta a bayan ƙofa. Ba ta ƙyale ni ba sai da na share rabin ƙasan, na tara sharar wuri ɗaya. Sannan na danna maɓalli, kwamfuta ta fara fitar da hoton a hankali tana gurnani kamar tsohon firji.

Da ya fito duka, muka zuba masa ido. Hasken ya faɗa daidai inda shara ta tsaya. Kamar wata ce ta fara aiki a ɗakin nan, an kira ta, ba ta dawo ba.

Mama ta dafe ƙirji, idonta ya ciko.

"Wayyo Allah. Wa ya rasu?"

Na yi tsalle na rungume ta ina ihu, na ɗaga ta sama tana dukan bayana. Nan take na tura hoton.

Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "ko sharar ba ta samu ta kwashe ba."