Mutuwar Zuciya

Wasila ma'aikaciyar asibiti ce a Gusau. Aikinta kiran masu ciwon zuciya ta waya, ta ji damuwarsu, ta kwantar musu da hankali. Duk Laraba da hantsi takan kira Malam Mas'udu, wani manomi a Furfuri wanda ƙafafunsa suka kumbura, likita ya hana shi aikin ƙarfi.

Ranar nan matarsa Suwaiba ce ta ɗauka, tana haki.

"Malama, ya ɗauki fartanya ya nufi gona. Kwana uku bai sha magani ba."

"Me ya faru, Inna?"

"Ƙanensa Tukur. A majalisa ya ce wai likita ya ce zuciyar Malam ta gaza, to ai mutuwar zuciya ke nan. Aka kwashe da dariya."

Akwai mutanen da ba su da aiki sai bakinsu, Tukur yana cikinsu. Mutumin da ya shekara arba'in yana ciyar da gida da guminsa, a kira shi rago a gaban jama'a, a ce wasa ne!

"Bi shi, ki kai masa wayar," in ji Wasila. "Kada ki kashe."

Ta ji ƙarar takalmi, ta ji Suwaiba tana kira. Can sai numfashi mai nauyi, kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Mi kike so?" in ji Malam Mas'udu.

"Baba, zauna mu gaisa."

"Ban zama. Kunya goma zan yi yau, kowa shi gani."

"Kunya ɗaya ma tana iya kashe ka."

"To shi ke nan. Gara a ce Mas'udu ya mutu gona."

Tari ya sarƙe shi. Wasila ta danne muryarta.

"Baba, sanka na huɗa, wanda ka ce min ya tsufa. Rago ne?"

"Wa ya ce? Shekara tara yana ja!"

"Da ya fara durƙushewa, ƙara masa kaya ka yi?"

Ya ja numfashi da ƙyar.

"Zuciyarka ke nan. Tsoka ce, shekara sittin tana bugawa ba hutu, ta gaji. Abin da likita yake nufi ke nan. Mai matacciyar zuciya ba ya ɗaukar fartanya da kumburarrun ƙafafu."

Ta jira. Ba ta san ko tsaye yake ko ya faɗi ba.

"Inna? Inna Suwaiba!"

"Ya zauna," in ji Suwaiba. "Gindin ɗorawa. Ya miƙo min fartanyar."

"Nemo mota yanzu, ku taho asibiti a duba shi."

Malam Mas'udu ya karɓi wayar. "Zan taho. Amma da Tukur za mu zo. Wagga magana ta san huɗa, ki maimaita ta a gabansa."

"Zan maimaita, Baba. Da ƙarfi ma."