Godiyar da Malam Abdulsalami Ya Kai Kwaleji

Ammatullahi Abdulsalami ta samu gurbi a wata kwalejin kimiyyar lafiya da ke Maiduguri, bayan ta gama shekarar farko a jami'a da maki 1.12 cikin biyar. Mahaifinta ne na ƙarshe a gidan da ya ji wannan adadi. Ya ji shi ranar Litinin da hantsi, a bakin ƙofar kwalejin, yana riƙe da kwalbar turaren wuta da ya kawo wa jami'in rajista.

Shekarunta goma sha tara. Gidansu yana unguwar Galtimari. Mahaifinta, Malam Abdulsalami, Bakano ne, kwanuka da robobi yake sayarwa a Kasuwar Kwastam tun kafin a haife ta. Ranar da sunanta ya fito a sashen harhaɗa magunguna na jami'a, 'yan layinsu na kasuwa suka daina kiransa da sunansa, suka koma Baban Dakta. Ita kuma a unguwa ta zama Dakta. Ba ta yi wata biyu a jami'a ba mata suka fara kawo mata takardun gwajin jini ta duba musu.

Abin da ke faruwa a aji daban ne. Ɗalibai sun fi ɗari huɗu a zaure ɗaya. Kafin Keke Napep ya kai ta, kujerun gaba sun cika, daga baya kuma ba a jin malami sosai. A sakandare ba ta taɓa haɗa sinadari da hannunta ba, a allo ake zana musu kwalaben. Tambaya kuwa ba ta iya yi ba. Wadda ake kira Dakta a gida tana jin nauyin ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba. Da sakamako ya fito, ta faɗi darussa huɗu, aka ba ta takardar gargaɗi: in ta maimaita haka, za a sallame ta.

Vivian, ƙawarta ta aji, ita ta nuna mata hanyar kwalejin. Ana karɓar mutum da sakamakon sakandare, ajin bai wuce mutum sittin ba, ana koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje da hannu. Sharaɗin ɗaya ne. Za ta koma aji ɗaya, shekarar jami'a ta tafi ke nan.

Ta nema, aka ba ta. Saura izinin mahaifinta.

A gidansu 'ya ba ta tarar uba da magana mai nauyi. Ana bi ta wajen Goggo Turai, ƙanwarsa, wadda ta san lokacin da ake samunsa da yadda ake shigar masa. Ammatullahi ta je har ɗakinta ta faɗa mata komai, har darussa huɗun.

"Ki bar min," in ji Goggo Turai. "Yaya ba a ba shi abu da zafinsa. Sai an fifita."

Ta fifita har ya huce gaba ɗaya. Abin da ta gaya wa yayanta shi ne wata makaranta ta ga takardun Ammatullahi ta ɗauke ta, kuma can za ta fi saurin shiga aikin asibiti. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Babu kuma maki.

Malam Abdulsalami ya yi hamdala, ya ba da izini nan take. Sannan ya ce mutumin da ya zaɓi 'yar wani daga cikin jama'a ba a barinsa haka, sai an taka an yi masa godiya. Ya sa ranar Litinin. Ya ce da Babakura za su je, maƙwabcin rumfarsa kuma amininsa na shekara ashirin, don godiyar mutum ɗaya ba ta cika.

Ammatullahi ta koma wajen goggonta.

"Goggo, ofishin zai je. Fayil ɗina yana kan tebur, da takardar jami'a a ciki."

"To wa zai buɗe fayil ana gaisuwa? Za a yi addu'a a shafa a tashi."

"Mutumin ofis ne fa. Shi ya ce in kawo sakamakon."

"Ke dai ki sa hijabinki mai kyau."

Ranar Litinin suka shiga Keke Napep su uku. Babakura ya zauna a gefen direba, yana juyowa yana magana da Hausarsa mai gardin Kanuri.

"Dakta, gwiwar nan tawa ta hana ni sujada daidai. Kin koma babban wuri yanzu, sai ki rubuta min na gaske, ba irin na kemis ba."

"Gwiwarka ba magani take so ba," in ji Malam Abdulsalami. "Ka rage biski da rana."

"Ji Bakano! Mai cin wake da tsakar rana zai yi min wa'azi."

Suka yi dariya. Ammatullahi tana kallon titi. Ta lissafa abin da zai faru in ta yi shiru. Jami'in rajista, Mista Pindar, mutum ne mai faɗin abu yadda yake a takarda. Mahaifinta zai ji daga bakin baƙo, a gaban amininsa, bayan ya riga ya miƙa turare.

Da suka sauka a ƙofar kwalejin, ta tsaya.

"Baba, ina da magana."

"In mun fito."

"Kafin mu shiga ne, Baba."

Ta rusuna, ta ciro takardar daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu. Babakura ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya ce bari ya gaisa da mai gadi, kamar ɗan unguwarsu ne. Ya matsa can.

Malam Abdulsalami ba ya karanta Turanci sosai, amma lamba ba ta ɓace masa. Ya bi layukan da yatsa har ƙasa.

"Wannan ɗaya da ɗigo sha biyu, cikin nawa ne?"

"Cikin biyar."

"Waɗannan guda huɗun masu kama da juna fa?"

"Faɗuwa ce."

"To su nan ɗin, me suka gani suka zaɓe ki?"

"Ba zaɓa ta suka yi ba, Baba. Ni na nema. In na zauna can, kora ta za a yi. Nan kuma daga aji ɗaya zan fara."

"Kuma ba magani za ki karanta ba."

"Gwajin jini da makamantansu."

Ya naɗe takardar yadda ta ba shi. Ya tambaye ta ko Turai ta san wannan. Ta ce ta sani. Ya tambaya ko uwarta ta sani. Ta ce ta sani. Ya gyaɗa kai, ya dubi kwalbar da ke hannunsa kamar yanzu aka ba shi riƙo.

"Babakura," ya kira. "Mu shiga. Mun riga mun zo."

Mista Pindar ya karɓe su a tsaye, ya sa aka kawo kujeru. Malam Abdulsalami ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da aiki, ya ce sun zo godiya ne, ya ajiye turaren a kan tebur. Mista Pindar ya ce ba a saba yi musu haka ba, aikinsu ne kawai. Ya jawo fayil ɗin.

"Alhaji, ka dai san yadda sakamakonta na can yake?"

"Na sani," in ji Malam Abdulsalami.

Babakura yana nazarin kalandar bango.

"To madalla. Irinta muna samu duk shekara, wasu su fito da kyau, wasu a'a. Ya rage nata." Ya zaro takarda guda. "Wannan ta uba ce ko mariƙi. Ta nuna ka amince ta bar jami'a ta fara daga aji ɗaya. In babu ita ba ma yin rajista. Ga biro."

Malam Abdulsalami ya karɓi takardar, bai karɓi biron ba. Ya ce zai duba a gida. Ya ninka ta biyu ya sa a aljihun gaba na rigarsa.

A bakin titi ya tare wa Ammatullahi Keke zuwa Galtimari, shi da Babakura suka hau wani zuwa kasuwa. Kafin nata ya tashi, ya sunkuyo.

"Me ya hana ki faɗa min tun zangon farko?"

"Kunya, Baba."

"Ita Turai kuma me ya hana ta?"

Bai jira amsa ba.

Da yamma ya dawo ya ci abinci kamar kullum. Goggo Turai ta zo washegari, suka yi kusan awa ɗaya da shi a zaure, ta fita ba ta leƙa cikin gida ba. Vivian ta kira sau biyu tana tambaya ko an gama.

Kwalejin za ta rufe rajista ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu. Ya zuwa safiyar Alhamis, Malam Abdulsalami ya fita kasuwa da takardar a aljihu, babu sa hannu a kanta.