Ƙugun Dama na Furera

"Taka zuwa bango ki dawo," in ji Dokta Maharazu, idonsa na kan takarda.

Furera ta taka. Ƙafar hagu, wadda baƙin likitoci suka sa wa ƙarfe a ƙugu shekara biyu da suka wuce, tana tafiya kamar ta budurwa. Ta dama kuwa sai an ja ta, kuma saboda ita tsohuwar ta hau amalanke daga Urafane zuwa Tasawa. Tun da soja suka karɓi mulki baƙin ba su dawo ba, ƙarafan da suka bari saura huɗu, masu jira sun fi ashirin. Aka ce a gwada waɗanda aka yi wa aiki, yara da tsofaffi, a ga inda ƙarfe ya fi amfani.

"Kina hawan bene?"

"Bene ina, ɗan nan? Rumbu nika hawa, shi ma bana babu komi ciki."

Likitan ya rubuta sifili. Furera ba ta iya boko ba, amma ta san ƙwai in ta gan shi, kuma ranta ya ɓaci.

"An hana ki zama ƙasa. Kina salla bisa kujera?"

Kujerar da baƙin suka ba ta, tuni kaji ke kwana a kanta. Da gero ya ƙone, a durƙushe ta yi wata uku tana tsinkar anza a daji, tana jiƙawa har ɗacin ya fita, jikoki biyar suna ci. Duk ta gaya masa, ba ta rage ko ɗaya ba.

Ya ɗaga hoton ƙashinta ga hasken taga, ya daɗe yana kallo. Ƙarfen na zaune daram. Da safe ya ga na Namadi, makiyayi ɗan shekara talatin, wanda bin shanu kudu ya sa nasa ya fara girgiɗa. Duk da haka ya girgiza kai.

"Inna, tsarin ya ce a fara da 'yan ƙasa da sittin. Takardarki ta ce wajen saba'in da huɗu."

"Wa ya hwaɗa ma mai takardar? Baki ya ce in buɗe, ya dubi haƙorana kamar akuya kasuwa, ya rubuta abin da ya ga dama."

Ta jingine sandarta, ta dafa bango, ta sauka ƙasa a hankali ta zauna irin zaman tahiya. Likitan ya zabura.

"Zai goce! Tashi, don Allah!"

"Shekara biyu, sau biyar kullum, bai goce ba." Ta kafa ƙafar hagu, ta yunƙura, ta ɗago rabi, ta dama ta ƙi. Ta koma ta zauna, zufa na keto mata. "Ka gani? Naku ya tashi. Wanda ya ƙiya shi na kawo maka."

Ya miƙa mata hannu. Ta naɗe nata a ƙirji.

"Da alƙalami za ka tashe ni."

A waje masu jira sun fara leƙe. Maharazu ya dubi takardar, babu gurbin zaman tahiya, babu na tsinkar anza. Ya ja layi a ƙasan shafin, ya rubuta su da hannunsa, sannan ya jawo jerin sunaye huɗun da za a sa wa ƙarfe, inda layi ɗaya ya rage.

"Furera wa?"

"Furera Danda. Ka rubuta da girma, idona ba shi gani sosai."